Yaushe Ne Ya Dace A Shafa Fenti Mai Talewa A Bangon Waje?

Tambaya: Filastar gidana ta waje ta yi ƙananan tsaga masu siririn gashi, kuma duk lokacin da aka yi ruwa da iska sai danshi ya bayyana a cikin ɗaki. Mai fenti ya ba ni shawarar fentin elastomerik, amma tsadarsa ta sa ina jinkiri. Ya cancanci kuɗinsa?

Amsa: Malam, idan tsagar ta tsaya a yadda ka bayyana, shawarar mai fentin tana kan hanya, domin irin wannan bango ne aka ƙirƙiri fentin dominsa. Fenti ne mai kauri wanda idan ya bushe yake zama fata mai talewa kamar roba, kaurinsa kuma yakan ninka na fentin waje na yau da kullum sau biyar zuwa goma. Siminti yana buɗewa da zafin rana, yana tsukewa idan gari ya yi sanyi, wannan motsi ne yake tsaga fentin da ba ya talewa, shi kuwa wannan yakan miƙe ya dawo ba tare da ya yage ba, don haka ruwan da iska ke bugowa ba ya samun hanyar shiga.

Sai dai ƙarfinsa yana da iyaka. Tsagar da ba ta wuce kusan milimita 1.5 ba ita ce yake iya rufewa. Wadda ta fi haka faɗi sai an buɗe ta, an share ƙurarta, an cike ta da abin toshe tsaga mai talewa, sannan a yi fenti. Idan kuwa tsagar ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko tana ƙara faɗi wata bayan wata, to matsalar tana iya kasancewa daga harsashin gini, kuma injiniya ya kamata ka kira tun kafin mai fenti.

Game da kuɗi, kada ka kwatanta farashin bokiti da bokiti. Lita ɗaya ta fentin da aka saba da shi takan shafe murabba'in mita 8 zuwa 10, wannan kuwa da ƙyar take wuce 2 zuwa 3, kuma shafi biyu ake yi. Wasu masu fenti kan tsinka shi da ruwa don ya yi auki, wanda hakan asara ce tsantsa, domin kaurin nan shi ne abin da ka biya kuɗi a kansa.

Tambaya: Na shafa wannan fenti, amma ƙasan bangon ya kumbura, wani wurin har da ruwa a cikin kumburin. Fentin jabu aka sayar mini?

Amsa: Hajiya, ba lallai ba ne. Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne, fentin da ya hana ruwa shiga daga waje yana kuma rage wa danshin da ke cikin bango hanyar fita. Yana barin tururi kaɗan ya ratsa, amma idan ruwa ya samu wata ƙofa ya shiga bayansa, sai ya taru, rana ta dumama shi, ya ɗaga fatar fentin daga jikin filasta. Tunda kumburin a ƙasa yake, zargina ya fi karkata ga danshin da bango ke tsotsa daga ƙasa, musamman idan kina ganin wani farin gari mai kama da gishiri a wurin. Sauran ƙofofin da ya kamata a duba su ne saman katangar rufi da ba a yi mata hula ba, bakin taga, indararo mai yoyo, da bututun ruwa da ya fashe a cikin bango.

Akwai gwaji mai sauƙi. Bayan an kankare wurin da ya lalace, a manna leda mai faɗin kusan santimita 45 a kowane gefe, a rufe bakinta da salatif, a bar ta aƙalla awa 16. Idan aka ga raɓa a jikinta ta ciki, ko filastar ta yi duhu, bangon bai bushe ba, kuma sake fenti kafin a toshe hanyar ruwan zai haifar da kumburin nan dai.

Tambaya: Ginina sabo ne, filastar lafiya lau, akwai kuma wani ɓangare na katako. In shafe duka da shi don rigakafi?

Amsa: A'a, Malam. Katako yana shan danshi yana fitarwa, idan aka lulluɓe shi da fata mai kauri sai ya ruɓe ta ciki ba a sani ba. Haka ma tsohon bangon ƙasa ko na farar ƙasa, wanda lafiyarsa ta dogara ga shan iska. Ita kuwa filastar da ba ta tsage ba, fentin akirilik mai kyau, wato fentin waje na yau da kullum, ya wadace ta, ya fi sauƙin sabuntawa, kuma sau da yawa ya fi riƙe launi mai duhu, ga shi ƙura ba ta cika manne masa kamar yadda take manne wa mai talewa ba. Ka kuma tuna cewa cire elastomerik daga bango aiki ne mai wahala idan ka sauya ra'ayi.

Idan akwai gefen da ruwa mai iska ya fi dukansa, kana iya keɓe shi kaɗai ka shafa masa mai talewar. Ko a nan ma, a bar sabon siminti ya yi kwana 28 yana bushewa, a fara da fentin share fage mai jure kaifin siminti, sannan a zaɓi ranakun da ba a sa ran ruwa, a kuma bi tazarar da aka rubuta a jikin bokiti tsakanin shafi na farko da na biyu.