Ina Ɗaga Ƙarfe Amma Abinci Ya Ƙi Shiga

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekaruna 23, nauyina kilo 62, ina sana'ar ɗinki. Wata uku ke nan da na fara ɗaga ƙarfe don in yi ƙwanji. Kwana shida nake zuwa a mako, da ƙarfe huɗu na yamma, ina yin kamar awa biyu. Da farko na ga canji, amma yanzu in na dawo gida aka ajiye mini tuwo, ƙamshin miyar ma tayar mini da zuciya yake yi. Ruwan sanyi kawai nake sha in kwanta. Da safe jiki a mace, har a kan keke gyangyaɗi nake yi. Nauyina bai ƙaru ba, kuma ƙarfen da nake ɗagawa sau goma yanzu da ƙyar nake kai bakwai. Abokai sun ce in ƙara himma. Mene ne abin yi?

Wani matashi, Birnin Kebbi

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, shawarar abokan nan a ajiye ta tukuna, domin himmar ce ta yi yawa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kai kuwa kullum ja kake yi ciki ba komai.

Rashin jin yunwa da zarar an ajiye ƙarfe ba ciwo ba ne. Lokacin aiki mai nauyi jini yana karkata zuwa tsoka da fata, hanji ya samu kaɗan, kuma sinadarin girelin, wanda ke sa mutum jin yunwa, yana sauka na ɗan lokaci. Yawanci cikin rabin awa zuwa awa ɗaya ciki ya buɗe. Zafi yana ƙara tsawaita abin. Ƙarfe huɗu na yamma a Birnin Kebbi, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, a ƙarƙashin rufin kwano, awa biyu cur, wannan kaɗai ya isa ya rufe wa mutum ciki har dare. Abin da ya sa naka ya wuce na kowa shi ne ya zama zagaye: ka kwana da yunwa, ka tashi da gajiya, ka koma ka ƙara wata a kai. Saukar ƙarfi daga goma zuwa bakwai ita ce shaida mafi girma a wasiƙarka.

Kafin komai, a yi gwajin jini. Zazzaɓin cizon sauro ba kullum yake zuwa da rawar ɗari ba. Wani lokaci kasala ce kawai da ɗacin baki. A duba maleriya da yawan jini, in likita ya ga dama ya ƙara da sukari da ciwon hanta. In akwai zazzaɓi, ko ido ya yi rawaya, ko tari ya haura mako biyu, ko kana ramewa, to maganar ta bar hannun mai horarwa ta koma ta asibiti.

In gwaji ya fito lafiya, a fara da hutun mako guda. Ba a ce ka zauna ba: ka je sau biyu, ka ɗauki rabin abin da ka saba, ka dawo da sauran ƙarfinka. Bayan nan kwana uku ko huɗu a mako, minti 45 zuwa awa ɗaya. Tsokar da aka wahalar yau tana bukatar kusan awa 48 kafin a sake ta, domin a lokacin hutu take ginuwa. Ga mai wata uku, zagaye 10 zuwa 12 a mako ga kowane sashe na jiki ya wadatar, kowane zagaye ɗagawa 8 zuwa 12, a tsaya tun da sauran biyu a hannu. Al'adar nan ta sai hannu ya ƙi ɗagawa aboki ya tallafa ana ihu, a kowane zagaye, gajiyarta ta fi amfaninta. Lokaci kuma a mai da shi bayan Asuba, ko kusa da Magariba in rana ta yi sanyi.

Sai ruwa. Ka hau ma'auni kafin ka fara da bayan ka gama. Duk kilo ɗayan da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta zufa, kuma lita ɗaya da rabi ake sha a mayar da ita, a hankali cikin awoyi. Kuskuren da ake yi shi ne a kwankwaɗi leda huɗu ta ruwan sanyi a tashi ɗaya, ciki ya cika tam, abinci ya rasa wuri. Ranar da zufa ta yi yawa, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsarin safe shi zai gaya maka ko ka biya bashin. In ya yi ja sosai, da saura.

Maganar abinci ita ce babba. Mai gina tsoka yana bukatar furotin kamar giram 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, naka ya kama giram 100. Ba sai an je kanti ba. Ƙwai uku giram 18 ne. Kofin dafaffen wake kusan 14. Rabin lita na nono kusan 16. Kifi ko nama mai girman tafin hannu kusan 20, ga shi kifi ba baƙo ba ne a jihar da ke da Argungu da Yauri. Gyaɗa giram 50 ta ba da 12. An kai 80 ke nan, sauran kuma shinkafa da tuwo da fura za su cike. Awara da ƙuli-ƙuli suna shiga gurbin nama ranar da aljihu ya yi sanyi. Amma kada a bi furotin a manta da hatsi, don shi ne man da tsoka ke ƙonawa a ƙarƙashin ƙarfe, kuma ƙarancinsa ne ke kawo mutuwar jikin da kake ji da safe. Gaba ɗaya ana son ƙarin kalori 300 zuwa 500 a kan abin da ke riƙe nauyinka.

Tunda tauna ke ba ka wahala, a sha. In ka dawo, ka watsa ruwa, ka zauna a inuwa minti 20 zuwa 30, sannan a dama fura ƙwallo biyu da rabin lita na kindirmo (ya fi tsala, wanda an riga an cire masa mai), a sa babban cokali biyu na niƙaƙƙiyar gyaɗa, ayaba ɗaya, dabino uku. Wannan kwano ɗaya yakan haura kalori 700, kuma yana wucewa ko ba yunwa. A tabbatar nonon na dafaffiyar madara ne, ruwan damun kuma mai tsabta. Tuwon dare ya biyo bayan awa biyu. Sauran yini a bi agogo, kada a jira yunwa: karin kumallo mai nauyi, wani abu da hantsi, abincin rana awa biyu kafin ƙarfe.

Barci awa 7 zuwa 9. Lemon ƙara kuzari da shayi mai kauri da yamma suna cikin masu hana shi, domin rabin kafeyin ɗin yana nan a jini bayan kamar awa biyar. Ka riƙa auna nauyi sau ɗaya a mako, da safe kafin ka ci komai. Rubu'in kilo a mako ci gaba ne mai kyau. In mako uku sun wuce a kan wannan tsari ba canji, a koma wurin likita.

TAMBAYA: Wani mai kemis ya haɗa mini ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, ya ce za su buɗe mini ciki in yi jiki. Su da garin furotin na gwangwani wanne ya fi?

Mai karatu, Gusau

AMSA: Malam, a mayar masa da kayansa. Haɗin nan yawanci dexamethasone ne da cyproheptadine. Na biyun yana sa cin abinci, amma yana sa barci da kasala, wato abin da mai ɗaga ƙarfe ke gudu. Na farkon kuwa ya fi muni ga mai ɗaga ƙarfe: yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yana zaftare tsokar cinya da dantse, yana ɗaga sukari da hawan jini. Ma'auni zai hau, ƙarfi ya sauka. In ka riga ka yi makonni kana sha, kada ka yanke rana ɗaya, domin yin hakan na iya jefa jiki cikin haɗari; likita ne zai rage maka a hankali. Haka tramadol da wasu ke sha wai don kada su ji nauyin ƙarfe, yana tayar da zuciya, yana iya kawo farfaɗiya, ga jaraba.

Garin furotin kuwa abinci ne kawai da aka busar, yawanci daga madara. Ludayinsa ɗaya giram 20 zuwa 25 ne, daidai da ƙwai huɗu. Mai hali ya saya, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Marar hali bai rasa komai ba.

TAMBAYA: Na daɗe ban je ɗaga ƙarfe ba, shekaranjiya na koma na yi aikin ƙafa sosai. Yanzu cinyoyina sun kumbura, ba na iya tsugunawa, fitsarina ya koma kamar baƙin shayi. Tsamin jiki ne?

Wani ɗalibi, Zuru

AMSA: Tsamin jiki na yau da kullum yakan tsananta tsakanin awa 24 da 72 sannan ya sauka, kuma ba ya canza launin fitsari. Kumburi da rashin ƙarfi da fitsari mai launin shayi alama ce ta tsoka ta farfashe, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini, kuma yana iya toshe ƙoda. Duk wanda ya ga haka ya tafi babban asibiti a ranar, ko da dare ne, ya gaya wa likita aikin da ya yi, a duba jini da ƙoda, mai yiwuwa a sa masa ƙarin ruwa. A hanya ya riƙa shan ruwa, kuma kada ya taɓa magungunan ciwon jiki irin su diclofenac ko ibuprofen, don suna ƙara wa ƙoda nauyi. In jininsa AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar sikila, ya faɗa tun a bakin ƙofa. Ƙarfe kuma sai likita ya ba da izini, a fara da rabin nauyin da aka saba.