Abin da na gani a Masar bayan harin Luksor

Malam, ka tambaya ko kama malaman da ke tunzura matasa su kashe baƙi 'yan yawon buɗe ido, da rufe masallatansu, yana kashe wutar. Ina ɗalibi a Alƙahira lokacin da abin Luksor ya faru, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani.

Ranar 17 ga Nuwamba 1997 wasu mutum shida na ƙungiyar Jama'atul Islamiyya mai ɗauke da makamai suka shiga tsohon haikalin Hatshefsut da ke Luksor a kudancin Masar suka kashe mutum 62, 58 daga ciki baƙi ne, mafi yawansu 'yan Suwizalan. Kafin wannan rana gwamnatin Shugaba Hosni Mubarak ta shekara biyar tana kame babu ƙaƙƙautawa. A lokacin dokar ta-ɓaci tana aiki tun 1981, kotunan soja suna yanke hukuncin kisa, a 1992 an yi wa unguwar Imbaba da ke yankin Alƙahira ƙawanya da dubban 'yan sanda. Duk da haka aka yi Luksor. To ka ga kame kaɗai bai hana ba.

Bayan harin Mubarak ya sauke ministan cikin gida Hassan al-Alfi ya ɗora Habib al-Adli. Motocin baƙi a kudancin ƙasar suka koma tafiya a ayari da rakiyar jami'ai. Mu ɗalibai baƙaƙe masu gemu kuwa mun sha tsayuwa a shinge ana juya fasfo, har wani abokina ya aske nasa don ya huta.

Amma a ganina abin da ya karya ƙungiyar daga cikin gida ya fito. Mai kwalekwale a Nilu, mai keken doki, mai sayar da tsaraba, duk abincinsu ya tsaya cak da baƙi suka daina zuwa. Mai shagon da nake sayen burodi, wanda a da idan an zagi gwamnati yake gyaɗa kai, ranar tsine wa maharan yake yi da babbar murya. Duk wani ɗan tausayin da suke samu a wurin talaka ya ƙare a wannan makon.

Sannan shugabanninsu da ke kurkuku, irin su Karam Zuhdi da Najih Ibrahim, tun watan Yulin 1997 sun riga sun yi shelar ajiye makami. Gwamnati ta daɗe tana ɗari-ɗari, daga baya ta bar su suna zagaya gidajen yari suna muhawara da mabiyansu. A 2002 suka fitar da littattafan da suka warware fatawoyinsu na baya, aka fara sakin mutane da yawa. Hujjar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya zauna gaban malamin zaure: wanda ya shigo da amana jininsa haramun ne, ga kuma hadisin Bukhari cewa wanda ya kashe mai alƙawarin zaman lafiya ba zai ji ƙamshin Aljanna ba. Yaron da ba zai saurari malamin gwamnati ba, sai ga shi yana jin wannan daga bakin wanda ya ɗora shi a kan hanyar tun farko.

Kada ka ɗauka ina cewa a ƙyale mai tunzurawa. Wanda ya hau mumbari ya halatta jinin baƙo, a kai shi kotu da shaida, shi kaɗai. Tunisiya bayan harin Susa na 2015, inda aka kashe mutum 38, ta sanar da rufe masallatai kusan 80. Rufe ginin abu ne mai sauƙi, sai dai wa'azin yakan koma ɗaki da waya, inda ba wanda zai miƙe ya ce wa mai yin sa ƙarya yake yi.