Tambaya da Amsa: Zauren taron ƙauyenmu ya lalace, a rufe ko a gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Ina cikin kwamitin da ke kula da zauren taron ƙauyenmu, rufin yana yoyo, tagogi sun farfashe, asusu kuma wayam. Wasu sun ce a garƙame shi da kwaɗo sai ranar da aka samu kuɗi, wasu ma cewa suke a sayar da filin kowa ya huta, wai ai yanzu kowa da wayarsa, sanarwa a WhatsApp ake yi. Ni dai raina bai kwanta ba amma na rasa hujjar da zan ba su. Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari, aikin kwamiti ba godiya sai tsegumi. Toh ni dai a cikin shawarwarin nan biyu wadda ta fi ban tsoro ita ce ta kwaɗon, duk da ita ce ta fi kama da hankali. Ginin da aka rufe ya fi wanda ake shiga saurin mutuwa, domin yoyon da yau za a toshe da kwano ɗaya ba mai ganinsa, ruwa ya yi ta ɗiga kan katako har ya ruɓe, gara ta shiga, jemagu su tare a silin, ɓarayi su zo su ɓalle ƙofa su zare wayar wuta, ranar da kuka ce kun samu kuɗin sai ku tarar abin da kuka tara ko rabin gyaran bai kai ba. Fili kuwa in ya fita hannun jama'a da wuya ya dawo.

Masu maganar waya ki tambaye su, in ma'aikatan lafiya sun zo rigakafi a ina za su zauna? Ranar zaɓe fa, ko ajin yaƙi da jahilci, ko in ambaliya ta ci gidaje cikin dare ina za a kai mata da yara? Waya tana kai saƙo amma ba ta da rufi. Kuma akwai abin da mutane ba sa lura da shi, gidan mutum na mai shi ne, wanda suke ƴar tsama da shi ba zai taka ba, makaranta tana da ɗalibanta da lokacinta, shi kuwa zaure na kowa ne, mai kuɗi da talaka kowa ya shiga ba tare da ya ji yana cin arzikin wani ba. Tsofaffin da ƴaƴansu suka tafi birni, wani lokacin taron nan ne kaɗai ke fito da su cikin mutane.

Ba ku kaɗai ba ne ma. A Japan bayan yaƙin duniya na biyu, a 1946, gwamnati ta fara ƙarfafa kafa irin waɗannan zauruka da suke kira kominkan, a 1949 aka sa su cikin doka, kuma da girgizar ƙasa da igiyar ruwa suka afka musu a 2011 da yawa daga cikinsu nan mutane suka fake. A Ingila akwai zaurukan ƙauye kusan 10,000, da yawa an gina su ne bayan yaƙin duniya na ɗaya don tunawa da waɗanda suka mutu, kuma galibi ƴan sa-kai ne irinku ke riƙe da su, da kuɗin haya da gudummawa. Suma kukan rufi da kuɗin wuta suke yi, ba wai sun fi ku ba.

Maganar kuɗi, kar ku jira wani babba ya zo ya gyara muku duka. Rufin za ku fara tarewa ko da ɓangare ɗaya ne, fenti ya jira. Sannan ku cika wurin da harka, mai koyar da ɗinki, ƙungiyar manoma, masu darasin yamma, biki, kowa a ba shi ranarsa ya biya ɗan abin da ba zai gagare shi ba, kaɗan-kaɗan ɗin da ke shigowa duk wata ya fi gudummawa mai tsoka da ake yi sau ɗaya a manta. Abin da ya shafi lafiya ko gaggawa a bar shi kyauta. Ma'aji ya riƙa ba da rasit, a karanta lissafi a gaban jama'a, wallahi yawancin mutane ba rowa ke hana su bayarwa ba, rashin sanin inda kuɗin ya shiga ne. Makulli kuma kar ya zauna hannun mutum ɗaya, in ya yi tafiya shikenan an rufe zaure ba da shawarar kowa ba.

Kafin zamanku na gaba ki nemo takardun filin ki ga sunan wa ke kai, don in an ba da shi ne domin amfanin jama'a to ba lallai ma kwamiti na da ikon sayarwa ba, wannan ku tambayi lauya. Ki kuma zaga ki rubuto sunayen masu son amfani da wurin da abin da kowa zai iya biya a wata, ki sa kafinta ya kimanta gyaran rufin kaɗai, ki ajiye takardun biyu a gabansu.