Ga ƙanwata mai son tahowa Ingila da magunanta biyu

Ƙanwata na saurari saƙon muryarki, kuma a fili zan amsa miki saboda ba ke kaɗai bace, tunda mutane suka ji na taho da mage daga Kano shikenan na zama ofishin tambaya. Kince kin samu gurbin digiri na biyu, biza ta fito, Satumba zaki taho, kuma bazaki iya barin magunanki ba, farar magen nan mai gashi 'yar jinsin Fashiya da muzurun da kika tsinta a bayan layinku, wai Anti ya zanyi in taho dasu. Barka da samun karatu, Allah ya sa albarka. Amma yanzu muna Yuli, kuma magunan nan ba zasu shigo ƙasar nan a Satumba ba ko wa kika sani.

Ba maganar kuɗi bace tukunna, maganar lokaci ce. Turawan nan sun kawar da ciwon haukan kare daga dabbobin ƙasarsu tun 1922 kuma basa wasa da kar ya dawo, Najeriya kuwa bata cikin jerin ƙasashen da suka yarda dasu a kan wannan ciwo, dan haka hanya mai tsawo aka shimfiɗa mana. Farko a sa wa magen maikurocif, ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa da likitan dabbobi ke turawa ƙarƙashin fatar wuya da allura, yana ɗauke da lamba mai alƙaluma 15. Bayan shi sai allurar haukan kare, kuma sai magen ta kai sati 12 da haihuwa. Ki riƙe wannan da kyau, cif ne farko sannan allura, ko kuma rana ɗaya. In kince ai an taɓa musu allura bara ga kati, to wannan katin a wajensu takarda ce kawai tunda babu lambar cif a jikinsa, sai an sake. Daga ranar allura a jira aƙalla kwana 30, sannan a ɗebi jini a auna ko rigakafin ya kama, suna son sakamako ya kai 0.5 ko sama. In ya kai, sai ki ƙirga wata 3 cif daga ranar da aka ɗebi jinin kafin magen ta taka ƙasarsu. Haɗa lissafin da kanki, wata huɗu kenan in komai ya tafi daidai, in kuma jinin bai kai ba a sake allura a koma farko.

Kuma jinin nan ba kowane ɗakin gwaji suke karɓar sakamakonsa ba, sai wanda suka amince dashi. Namu Afirka ta Kudu aka tura shi, akwai wata cibiya a Onderstepoort kusa da Piritoriya. Likita ya ɗebi jinin ya tace ruwansa a wata 'yar kwalba da bata kai ɗan yatsa ba, yace a riƙe da sanyi har masu kai saƙo su karɓa, ranar kuma babu wuta a unguwarmu. Ni da ƙanina muka dinga zagaye wajen masu ƙanƙara muna cika kula, ina buɗewa ina leƙawa, mai ƙanƙarar har tambayata yayi wai maganin mara lafiya ne, nace eh kawai dan in nace jinin mage ne a ranar labarina zai zaga gari.

Za a haɗa ki da ejen, na sani, domin nima an haɗa ni. Wani ya kalle ni yace Hajiya ki bar wannan wahalar, mu muna rubuta kwanan wata baya, sati biyu komai ya fito. Ya karɓi kuɗin somin-taɓi na wasu takardun daban ya daina ɗaukar wayata, har yau ban yafe ba. Ki sani sakamakon jini daga ɗakin gwajin yake fitowa da lambar cif da ranar da aka ɗiba, can kuma in magen ta sauka na'ura suke ɗorawa a wuyanta su karanta lambar su duba takarda layi-layi. In abu ɗaya ya saɓa sai su killace ta, har wata 4 suna iya riƙewa kuma ke zaki biya kuɗin kwana da abinci, ko su maida ta inda ta fito da kuɗinki. Ejen yana can yana shan shayinsa.

Sai jirgi. Na ga kin turo min bidiyon wata baturiya da magenta a jaka a ƙarƙashin kujera, eh ana yi, kamfanoni da yawa suna bari in mage da jakarta basu wuce kilo 8 ba, amma ba zuwa Ingila ba. Nan dabba bata shigowa a cikin fasinja, sai dai a matsayin kago, wato kayan jirgi, da takardunta daban kuma ta kamfanin da gwamnatinsu ta amince, in ta sauka a Hitiro, babban filin jirgin Landan, akwai cibiyar karɓar dabbobi, can zaki je ki zauna jira har su gama dubawa, kuma wani ejen na nan ɓangaren shima sai an biya shi ya fito da ita. Akwai kuma dokar kwana 5, wato magen ta iso cikin kwana biyar kafin zuwanki ko bayansa, in ya wuce haka sai a ɗauke ta kamar dabbar kasuwanci, wasu ƙa'idojin ne daban. Kinga ke da zaki taho Satumba su kuma sai Nuwamba ko Disamba, ko dai ki koma Kano ki taho dasu ko ki shiga wancan layin. Wasu suna bi ta Faris da magen a cikin fasinja sannan su shiga mota ta ramin ƙarƙashin teku daga Kale zuwa Fokiston, minti 35 ne, amma da koren fasfo sai kin nemi bizar Shengen ta shiga Faransa, kuma Tarayyar Turai ma irin wannan gwajin jinin da jiran wata ukun take nema daga mu.

Fashiyar taki kuma ita ce babbar damuwata. Hancinsu a danne yake, numfashinsu da ƙyar ko a ƙasa, shi yasa kamfanonin jirgi da yawa basa yarda su sa irinsu a wajen kaya, wasu kuma sai da keji mafi girma. Muzurun ɗan layi ya fi ta ƙwari nesa ba kusa ba.

Takardun gida bazan daɗe a kansu ba, kin san yadda ofis yake. Akwai izinin fitar da dabba daga sashen likitocin dabbobi na tarayya, akwai jami'an killace dabbobi da tsirrai a filin jirgi, sai takardar lafiya ta Birtaniya da likitan gwamnati zai sa wa hannu, ita kuma kwana 10 kawai gareta kafin shiga, in jirgi ya ɗaga tafiya ta mutu a sake wata. Ki duba kowace lamba da idonki kafin ki bar gaban tebur, lamba ɗaya in aka juya a cikin 15 ɗin nan an gama dake.

In har tafiyar ta tabbata, keji ki saya da wuri, na roba mai ƙarfi da ƙofar ƙarfe, wanda magen zata iya miƙewa tsaye ta juya ta kwanta, kowacce da nata. Ki ajiye shi a falo a buɗe tun da sauran makonni, ki shimfiɗa tsohon zaninki da ba a wanke ba a ciki, a ciki ki dinga basu abinci har su ɗauke shi ɗakinsu. Ranar tafiya abinci kaɗan da wuri, ruwan sha kuma ki daskarar dashi a kwanon kejin ya zama ƙanƙara, a hankali zai narke baya zubewa lokacin lodi. Dan Allah dan Annabi kar ki bari wani mai kemis ya baki maganin barci ki ɗura musu, a sama yana saukar musu da jini kuma babu mai leƙa su a can ƙasan jirgi, wasu kamfanonin ma in suka ga dabba a buge basa ɗauka. Farasitamol kuwa guba ne ga mage, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, na faɗa ne saboda na san halinmu, komai ya samu rai sai a ɓalla masa rabi. In kuma ta mota za a fara kai su Abuja, a tashi bayan asuba kafin rana ta buɗe, keji a kujera a ɗaure da bel ba a but ba, kuma ko ana tsayawa a Zariya ko Kaduna kar a buɗe ƙofar kejin dan wai su sha iska, mage a firgice in ta fice a bakin titi ba kya sake ganinta. In kika ga ta buɗe baki tana haki, zafi ya mata yawa, a tsaya a inuwa a jiƙa tsumma a goga mata.

Duk wannan fa mai sauƙin ne, abin da ya fi bani wuya bayan isowa ne kuma shi babu mai faɗa. Ina zaki zauna? Hostal ɗin ɗalibai basa yarda da dabba, a takardar da zaki sa hannu ma yana rubuce. Ɗakin haya a gidan da ake rabawa da mutane kuwa, ke baƙuwa, babu tarihin biyan haya a ƙasar, babu mai tsaya miki, wasu sai sun ce ki biya watanni gaba, sannan ki ƙara da cewa ina da maguna biyu. Ni da aikina da albashina da komai, da zamu tashi daga gidanmu na farko sai da na dinga kiran masu gidaje ana hira lafiya lau, da na ambaci mage sai murya ta canza. Wani mai gidan ɗan uwanmu musulmi, har da salamu alaikum 'yar uwa, shi ya fi kowa tsawwala min, ya ƙara kuɗin wata saboda ita, da zamu fita kuma ya cinye rabin kuɗin ajiyar wai ta yagi kafet, kafet ɗin da na tarar dashi a yage kuma ina da hotonsa. Muzurunki in ba a dandaƙe shi ba zai bi bango yana fesa fitsari, warin nan baya fita a gidan da tagoginsa suke rufe rabin shekara, ki fara yi masa wannan tun a Kano ko zai taho ko ba zai taho ba.

Kuɗi kuma, ke kanki kin biya fam 776 na lafiya a kowace shekarar bizarki kafin a baki ita, to wannan naki ne, mage bata da asibitin gwamnati. Ganin likita kuɗi, allurar shekara kuɗi, inshora duk wata, in ciwo ya kama ta cikin dare a nan zaki san fam ba naira bace. Har ƙasar da zata yi kashi a ciki saya ake a buhu a ɗauko a bas, mu da yashi yake zube a ƙofar gida kyauta. Ɗalibi kuma awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a sati lokacin karatu. Tun Janairun 2024 ma gwamnatin nan ta hana yawancin masu digiri na biyu tahowa da mata ko miji da yara, akwai 'yan Kano a nan da suka baro jarirai wajen kakanni suna kuka a waya, ki yi tunanin yanayin da zaki shigo ciki.

Zaki ce to Anti ke ya akayi kika kawo taki. Ni sai da na zauna na kafu, na san nan ne gidana na shekaru, sannan na koma na ɗauko ta, kuma ta tsohuwarmu ce Allah ya jiƙanta, bayan rasuwar kullum tana kwance a kan darduma a ɗakin taƙi cin abinci, na kasa barinta. Abin da na kashe a kanta ya fi kuɗin tikitina, kuma na sha magana a dangi, wai ga 'yan uwa suna neman na makaranta ta kwashi kuɗi ta kai mage Turai, waɗanda suka faɗa kuwa har da wanda nake biya wa 'ya'yansa kuɗin makarantar. Ban kula ba, gumina ne, kuma ban bi ta bayan fage ko a takarda ɗaya ba, da aka ɗora na'ura lamba ta fito daidai aka miƙo min ita. Ta fito tana wari ta shige bayan injin wanki, sai dare take fitowa ta ci ta koma, an daɗe kafin ta yarda ta hau cinyata. Yanzu tana nan ta yi ƙiba, jikin hita ne wajen zamanta.

Ke kuwa karatun shekara ɗaya zaki yi, baki san ko zaki zauna ko zaki koma ba, in kin koma kuma wata tafiyar ce a cikin keji. Shawarata ki bar su a gida, amma bari na gaskiya, ba ki ce yaran gida zasu duba ba. Kin san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle bata ciyar ba bata sake ta ba, to amana ce, ki samu mutum ɗaya takamaimai mai son su, ki ware kuɗin abinci duk wata ki dinga turawa, ki nuna masa likitan da kike zuwa, ki gaya masa kar a basu ragowar miya mai albasa da tafarnuwa dan tana lalata musu jini, Fashiyar kuma kullum sai an taje ta in ba haka ba gashin ya dunƙule. Kafin ki taho ki sa musu cif ɗin da allurar, in hali yayi a ɗebi jinin ma, matuƙar ana sabunta allurar a kan lokaci ba tare da ta yanke ba gwajin baya mutuwa, ranar da kika samu aiki da gidan da aka yarda da dabba sai dai takardar kwana goma da tikiti.

Ki gaida Umma. Kilishin da kika ce zaki taho min dashi ki barshi, nama baya wucewa a filin jirginsu, kuka da daddawa da yaji dai ki cika min jaka.