Mahaifinmu ya ƙi tiyata bayan ciwon daji ya bazu a tantanin cikinsa: yana da laifi?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Mahaifinmu ɗan shekara 68 ne, yana fama da ciwon daji na tumbi. Ya sha maganin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, na watanni, daga baya cikinsa ya fara tara ruwa. Da likitoci suka zura kyamara sai suka ga cutar ta watsu a tantanin da ke lulluɓe kayan ciki. Ɗaya daga cikinsu ya ambaci wata babbar tiyata da ake haɗawa da wanke ciki da magani mai zafi, amma ya ce ba ya tsammanin za ta ƙara wa Baba wani abu mai yawa. Baba ya ce ya gaji, a bar shi haka. Yayana ya ce wannan kisan kai ne, domin ya san wani mai dajin hanji da aka yi wa aikin, yau shekara huɗu yana raye. Yana so mu sa hannu a madadin Baba, mu ce masa ƙaramin aiki ne. Mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya ba mahaifinku sauƙi, ya sa ciwon ya zama kaffara. Mahaifinku ba shi da laifi, kuma bai halatta ku yaudare shi zuwa ɗakin tiyata ba. Amma yayanki ƙauna ce ta sa shi faɗin abin da ya faɗa, don haka ya cancanci a ba shi dalili.

Hukuncin neman magani ba guda ɗaya ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa bayin Allah su nemi magani, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Usama ɗan Sharik. Shi ne kuma ya bai wa matar nan mai farfaɗiya zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna, ko ya roƙa mata waraka, ta zaɓi haƙuri, bai zarge ta ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a shekarar 1992, ta haɗa waɗannan nassoshi ta ce: magani wajibi ne idan barinsa zai halaka mutum ko ya lalata wata gaɓa tasa, mustahabbi ne idan barinsa rauni kawai zai jawo, makaruhi ne idan ana tsoron illarsa ta fi cutar da ake son kawarwa. Wajabcin kuwa yana rataye ne da rinjayen zaton cewa maganin zai yi aiki. Ɗaure jijiyar da ke zubar da jini, ko cire hanjin da ya fashe, barin irin waɗannan jefa kai ne cikin halaka. Abin tambaya shi ne ko tiyatar da aka ambata muku tana cikin wannan aji, kuma wannan sai an san cutar tukuna.

Tantanin nan siririyar fata ce da ta shimfiɗu a bangon ciki ta kuma naɗe hanji da tumbi. Idan daji ya huda bangon tumbi ko na babban hanji, ƙwayoyinsa kan zube cikin kogon ciki, ruwan da ke wurin ya kwashe su, su manne nan da can kamar irin da aka watsa. Shi ya sa ba a iya cewa ga ƙari guda a yanke a huta. Ƙananan ma hoton asibiti yakan tsallake su, sai an leƙa da kyamara. Likitoci suna raba ciki gida 13, kowane gida a ba shi maki daga 0 zuwa 3 gwargwadon girman abin da ke wurin, jimla 39. Wani likitan tiyata a Amurka, Paul Sugarbaker, shi ya yaɗa wannan awo da kuma aikin kansa: a kankare duk abin da ido ya gani, a cire sassan da cutar ta ci, sannan a zagaya da maganin kemo mai zafin digiri 41 zuwa 43 a cikin cikin. Wannan wankin shi ake kira HIPEC. Aiki ne na sa'o'i masu yawa, jinyarsa tana da tsawo, wani ya tashi da jakar bahaya a gefen ciki, wani ma ba ya tashi.

To, ga inda yayanki ya yi kuskuren ƙiyasi. Dajin babban hanji da na tumbi sun haɗu a suna, sun rabu a hali. A Faransa an yi gwaji mai suna PRODIGE 7 a kan mutum 265 masu dajin hanji da ya bazu a tantani, aka fitar da sakamakonsa a 2021. Duka an yi musu tiyatar kankarewa, rabi aka ƙara musu wankin zafi. Matsakaicin abin da suka rayu kimanin wata 41 ne a ɓangarorin biyu. Wato tiyatar tana da amfani ga wanda aka zaɓa da kyau, ƙarin wankin ne bai ƙara kwana ba a wancan gwajin. Wanda yayanki ya sani yana iya zama cikin irin waɗannan. A Jamus kuwa an gwada masu dajin tumbi mutum 105, matsakaicin ya tsaya wajen wata 15, da wankin da babu. Makin da likitoci ke yarda su yi aiki a kansa ma ya bambanta: a dajin hanji sukan ja da baya idan ya haura 20, a na tumbi tun daga wajen 6 ko 7. Taruwar ruwa mai yawa a ciki kuwa galibi alama ce ta cewa abin ya yi nisa. Waɗannan alƙaluma ba ajalin kowa ba ne, ajali yana wurin Allah. Amma da irinsu ake gina rinjayen zato, shari'a kuma da rinjayen zato take hukunci a wannan babi.

Saboda haka da a ce tambayarki a kan mai dajin hanji ce, mai ƙarfin jiki, makinsa ƙasa, likitoci sun haɗu a kan cewa za a iya kwashe komai, da na ƙarfafa masa ya yarda, ƙarfafawa mai tsanani. Mahaifinku kuwa likitan da ya kawo maganar da kansa ya ce ba ya tsammanin amfani mai yawa. Mafi girman abin da za a ce shi ne aikin ya halatta gare shi idan yana so. Barin halal ba kisan kai ba ne. Mai kisan kai shi ke kawo sanadin mutuwarsa da hannunsa, shi kuwa wannan cuta ce ta same shi, ya ƙi ƙara wa kansa wahalar da ba a tabbatar da ribarta ba.

Batun yaudararsa shi ya fi damuna. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labari cewa a ciwon ajalin Manzon Allah sun ɗura masa magani ta gefen baki, yana yi musu nuni da kada su yi, suka ce ai ƙin magani ne irin na marar lafiya. Da ya farfaɗo ya ce, ashe ban hana ku ba? Ya yi umarni a ɗura wa duk wanda ke ɗakin, ban da Abbas da bai halarta ba. Bukhari da Muslim ne suka ruwaito. Ki duba, iyalinsa ne, don ƙauna suka yi, kuma ɗura ce kawai, babu wuƙa. Ina ga tsaga cikin dattijo mai cikakken hankali bisa ƙarya? Sa hannun ɗa ba ya maye gurbin yardar uba matuƙar uban yana cikin hayyacinsa. Kuma ɓoye masa girman al'amarin yana tauye masa haƙƙin da ba zai dawo ba: ya biya bashi, ya mayar da amana, ya yi wasiyya a cikin sulusin dukiyarsa, ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa.

Abin da ya rage muku yana da yawa. Ku nemi ra'ayin wani likita na biyu da ya saba da wannan aiki, ku tambaye shi a gaban Baba nawa ne makin, kuma me ake fata, waraka ko jinkiri. Idan Baba ya ji ya sake tunani, shi ke nan; idan ya tsaya a kan bakansa, ku bi shi. Ƙin tiyata ba ya nufin barin jinya. A zuƙe ruwan cikin idan ya matsa masa numfashi, a ba shi maganin amai, a ba shi maganin zafi ko da mai ƙarfin nan ne da ake kira mofin, bisa awon likita, domin lalura ta halatta shi ko da yana sa barci. Abin da ya haramta shi ne a ba shi wani abu da nufin gaggauta mutuwarsa, ko da shi ya roƙa.

Salla ya yi ta yadda ya iya, a zaune ko a kishingiɗe, kamar yadda aka umarci Imrana ɗan Husaini. Idan ruwa yana wahalar da shi ya yi taimama. Azumi ya faɗi a kansa, a ciyar da miskini guda a madadin kowace rana idan da hali.

Ki kuma karanta masa wannan idan kin ga lokacin ya dace. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ciwon ciki ya kashe shahidi ne. Imam Nawawi da yake sharhin hadisin ya kawo maganganun malamai a kan wane ne wannan, a cikinsu akwai mai taruwar ruwa da kumburin ciki, akwai kuma duk wanda cutar cikinsa ta yi ajalinsa. Muna yi wa mahaifinku fatan wannan daraja idan ajali ya zo ta nan, muna kuma roƙa masa lafiya matuƙar yana numfashi.

Allah ne Mafi sani.