Me ya sa nake jin nauyin buhun da wani ya ɗauka?

Malam, ka ce in ka ga ɗan dako a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya cicciɓi buhun albasa, kafaɗarka kan ɗan matse, har ka san buhun ya yi nauyi tun bai yi nishi ba.

Ba abin tsoro ba ne. Ƙwaƙwalwa ba da ido kaɗai take fahimtar motsin wani ba, takan yi aro daga abin da jikinka ya taɓa ji. A farkon shekarun 1990, a Jami'ar Parma ta Italiya, Giacomo Rizzolatti da abokan aikinsa sun gano wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar biri da ke motsawa in ya miƙa hannu ya ɗauki abinci, su kuma motsa in ya ga mutum ya ɗauka. Ana ce musu ƙwayoyin madubi.

Wataƙila shi ya sa tsohon ɗan dako kan gane kaya mai nauyi daga lanƙwasar gwiwa. Ni da na yi shekaru ina acaɓa a Agege, daga karkatar kafaɗar na gabana nake sanin zai sha kwana. Amma ko ƙwayoyin nan suna karanta niyyar mutum, wannan kam masana har yau suna jayayya a kai.