Wace ce matar da ta tsaya takara da Ayub Khan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A wata muhawara na ji an ce tun kafin Benazir Bhutto, tsohuwar firaministar Pakistan, akwai macen da ta nemi shugabancin Pakistan, har wasu malamai suka mara mata baya. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Gaskiya ne, Fatima Jinnah ce, ƙanwar Muhammad Ali Jinnah wanda ya jagoranci kafa Pakistan a 1947. Can ana kiranta Madar-e-Millat, wato Uwar Al'umma.

An haife ta a Karachi a 1893. Likitar haƙori ce, ta yi karatu a Kalkata ta buɗe asibitinta a Bombay a 1923. Da matar yayanta ta rasu a 1929, sai ta rufe asibitin ta koma riƙe masa gida, kuma ƙafarsa ƙafarta a tarukan jam'iyyar Muslim League. Ranar da ya cika ma, 11 ga Satumba 1948, tana cikin motar asibitin da ta ɗauko shi daga filin jirgin Karachi. Motar ta mace a hanya, ita kuwa ta zauna cikin zafi tana kore masa ƙudaje har aka kawo wata.

Takarar kuma ta 2 ga Janairu 1965 ce. Jam'iyyun adawa sun rasa wanda zai iya karawa da Ayub Khan, sojan da ya ƙwace mulki a 1958, sai suka roƙe ta, tana da shekara 71. Alamarta fitila ce. Wasu malamai sun ba da fatawar cewa mace ba ta shugabancin ƙasa, amma malamin nan Maududi da jam'iyyarsa ta Musulunci, Jamaat-e-Islami, suka bi bayanta bisa hujjar larura, duk da a da ba haka ra'ayinsu yake ba.

Ta sha kaye, sai dai ki duba yadda aka yi zaɓen. Talakawan da suka cika tarukanta ba su da ƙuri'a. Wakilai 80,000 ne suka zaɓa, kuma tsarin Ayub ne ya samar da su, abincinsu na hannun gwamnati. A haka ta cinye Karachi da Dhaka, wadda a lokacin take cikin Pakistan. Ni a ganina da ƙato-bayan-ƙato aka yi, da Ayub ya ji jiki.

Ta rasu a Karachi ranar 9 ga Yuli 1967, aka binne ta a harabar hubbaren yayanta.